Agogo ya ce zuciyata ta rikice: yadda na bi layin asibiti a Kumasi

Na rubuta wannan ne saboda 'yan'uwana na Zango, musamman waɗanda 'ya'yansu ko ƙannensu ke aiko musu da agogon zamani daga waje, irin mai ƙirga bugun zuciya. Yanzu in ka zauna a majalisar ataya a Aboabo ko Asawase, da wuya ka rasa mai irinsa a hannu, kuma kowa ya zama likitan kansa. Idan wata rana naka ya yi maka irin gargaɗin da nawa ya yi mini, gara ka san ƙofar da za ka fara shiga, da takardun da za ka riƙe, da kuɗin da za ka tanada, kada ka ɓata lokaci tsakanin tsoro da shawarar majalisa.

Shekaruna sun haura hamsin, sana'ata goro, gadon gidanmu ne. Agogo biyu na mallaka. Na farko a Kejetia na saye shi wurin yaran nan masu sayar da caja da murfin waya, da kuɗin da bai kai na kwandon goro ba. Mai sayarwa ya ce yana auna bugun zuciya, da hawan jini, da iskar da ke cikin jini, har da suga. Duk lokacin da na danna, jinina yana nan kusa da 120/80, sai in yi hamdala in ci gaba da harkata. Na biyu kuwa ɗana da ke Hambug ta Jamus ya aiko mini bayan babbar sallah, mai tsada ne, an haɗa shi da wayata, yana kuma da wurin da ake ɗora yatsa na daƙiƙa 30 ya zana layin bugun zuciya. Da ya zo sai na bar wa jikana tsohon yana wasa da shi.

Na jima ina jin wani abu a ƙirji da ban ba shi muhimmanci ba. Ina zaune sai in ji kamar zuciyar ta tsallake bugu ɗaya, ta ɗan yi shiru, sannan ta buga da ƙarfi. Faɗuwar gaba na ɗauke shi, irin ta mai kaya a kan hanya da bashi a hannun mutane. Wani dare bayan isha'i, na dawo daga majalisa, agogon ya girgiza a hannuna ya nuna rubutu da Turanci. Autata ta karanta, ta ce wai ya ga bugun zuciyata ba ya tafiya daidai, kuma alamar ta yi kama da wata cuta da ya rubuta AFib. Ta bincika a waya, ta ce ɗakunan sama na zuciya ne ke karkarwa maimakon su buga, jini yana iya daskarewa a ciki, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, kuma mai cutar ya fi sauran mutane haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. Tana karantawa muryarta na rawa. Uwargida ta fara salati. Aka kira na Hambug, ya ce: "Baba, don Allah gobe-goben nan ka je asibiti." Daren nan na ɗora yatsa a kan agogon har na gaji. Wani lokaci ya ce lafiya, wani lokaci ya ce bai iya yanke hukunci ba.

Da safe na fara biyawa ta shagon maganin unguwarmu, saboda mai shagon yana da na'urar awon jini ta damtse. Ya zaunar da ni, ya ce in huta tukuna, ya auna. 168/102. Ya jira ya sake, ba ta sauka sosai ba. Na aika aka karɓo tsohon agogon daga hannun jikana, na ɗaura, na danna: 121/80. Mai shagon ya yi dariya, ya ɗauko ayaba daga cikin ledarsa, ya ɗaura mata agogon. Wallahi sai ga shi ya ba ayaba bugun zuciya da hawan jini mai kyau. Ya ce: "Alhaji, wannan ba ya matse hannu, to da me zai auna ƙarfin jini?" Ya kuma ce ko hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2024 cewa kada a yarda da agogo ko zobe da ke cewa yana auna suga ba tare da huda fata ba. Bai sayar mini da ko ƙwaya ɗaya ba, ya ce in tafi asibiti, kuma na gode masa da hakan.

Mutumin Kumasi in ya ji maganar zuciya, Gee ke fara zuwa masa a rai, wato asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Bantama. Amma in ba gaggawa ba ce, ba a faɗa wa ƙwararren likita haka kawai, da takardar turawa ake zuwa. Don haka na fara da wani asibitin gwamnati da ke kusa da mu. Washegari ina idar da sallar asuba na hau pragya, wato keke mai ƙafa uku, amma na tarar benci ya riga ya cika. Teburin farko na masu rajista ne, suna neman katin inshorar lafiya na NHIS da Ghana Card. Nawa yana da rai, amma wani dattijo da ke gabana nasa ya mutu bai sani ba, aka ce ko ya biya da kuɗi ko ya koma gefe. Ku duba naku tun daga gida. Ana danna *929# a waya a ga ranar ƙarewarsa, a kuma sabunta shi da momo, wato kuɗin waya, ba tare da an je ofis ba. Daga rajista aka buɗe mini fayil, aka tura ni wurin nas mai awo. Ta ɗora ni a sikeli, ta auna zafin jiki, ta maƙala mini ɗan abin nan a yatsa, ta auna jini a damtse. Da ta ga lambar sai ta ɗago kai ta tambaye ni da Tonanci, yaren Asante: "Wofa, kana shan maganin hawan jini?" Na ce ni ban taɓa sanin ina da shi ba. Ta rubuta da jan biro. Sannan aka shiga jira na gaske, wanda ya kai ni har bayan azahar, ba ci ba sha, saboda tsoron kada a kira sunana ina waje.

Da na shiga wurin likita, na miƙa masa hannu da agogo, ina zaton zai karɓa ya duba. Ko kallo bai ishe shi ba. Ya kama wuyan hannuna da yatsunsa yana kallon agogon bango, ya daɗe a haka, sannan ya sa abin sauraro a ƙirjina. Ya tambaye ni ko ƙirji na ciwo, ko numfashi na yanke mini in na hau bene, ko na taɓa suma, ko ƙafafuna na kumbura, ko akwai wanda ya mutu farat ɗaya a gidanmu yana da ƙuruciya. Ya tambayi abin da nake ci da sha. Da na ce goro sana'ata ce kuma abin taunata ne tun safe, ga ataya da dare, sai ya yi murmushi ya rubuta. Ya ce ya ji bugu ɗaya-ɗaya da ke shigowa kafin lokacinsa, amma yatsa da kunne ba za su faɗa masa ko wane iri ne ba. Ya rubuta mini gwajin lantarkin zuciya, wanda kowa ke kira isiji, da gwajin jini, ya kuma fara ni da ƙwayar hawan jini, amlodipine, guda ɗaya a rana. Ganin likita da maganin duk inshora ta ɗauka. A lokacin na ɗan ji haushin yadda ya yi banza da agogon, sai daga baya na gane cewa ba shi da hanyar sa abin da agogo ya faɗa a cikin fayil, kuma ga mutane sun fi ɗari a waje suna jira.

A ɗakin isiji aka ce takardar na'urar ta ƙare, sai an kawo. Wata nas ta nuna mini wani wurin gwaji mai zaman kansa a tsallaken titi, na je na biya sidi 100 da 'yan kai. Ga yadda ake yi, don kada ku ji tsoro kamar yadda wasu ke ji idan suka ga wayoyi. Ana cire riga da agogo, a ajiye waya gefe, a kwanta rigingine. In akwai gashi a ƙirji ana ɗan aske wurin, in akwai mai ko gumi a goge. Sai a manna abubuwa goma: huɗu a hannuwa da ƙafafu, shida a jere a ƙirji tun daga gefen ƙashin tsakiya har ƙarƙashin hammata ta hagu. Na'urar ba ta sa maka wuta a jiki, wutar da zuciya ke fitarwa da kanta take saurara. Mata suna iya neman mace ta yi musu, na ga an yi wa wata Hajiya haka ba gardama. Shirin ya fi aikin daɗewa, domin ɗaukar kanta kamar daƙiƙa goma ce. Sai ga takarda mai jan layi ta fito da zane goma sha biyu. Na tambayi yaron da ya yi mini dalilin yawansu, alhali agogona layi ɗaya yake zanawa. Ya ce agogo daga hannun hagu zuwa yatsan dama kawai yake leƙen zuciya, ta kusurwa ɗaya, ita kuwa wannan tana kallonta ta gaba da ta gefe da ta ƙasa, shi ya sa take iya nuna inda jini ya toshe ko inda tsoka ta yi kauri. Ya ce in gode Allah ma, domin na'urar farko da Willem Einthoven ɗan Holan ya ƙera, wadda ta sa aka ba shi kyautar Nobel a 1924, sai mutum ya tsoma hannuwa da ƙafa a cikin bokitan ruwan gishiri.

Na mayar da takardar washegari tare da sakamakon jini. An duba yawan jini, da ƙoda, da gishirin jiki irin su fotasiyam, da suga, da ƙullun wuya da ke kawo maƙoƙo, domin in ya yi aiki fiye da kima yana sa zuciya gudu. Duk lafiya. Isiji ma ba ta nuna AFib ba. Na fara murna, sai likita ya ce in dakata. Cutar tana zuwa tana tafiya, in ba ta zo a cikin daƙiƙa goman nan ba takarda ba za ta nuna ta ba. Kuma akwai layukan da suka yi tsayi fiye da kima, alamar da ake gani idan bangon zuciya ya yi kauri. Ya rubuta takardar turawa zuwa likitan zuciya, ya buga hatimi. Ku yi wa wannan takarda hoto a waya, ku kuma yi kwafi, don a kowace taga sai an nema. Ranar da aka ba ni ta yi nisa, makonni ne. Wannan jiran ya fi komai wahala. Majalisa ta kasu biyu, masu cewa agogon Turawa ba ya ƙarya, da masu cewa in cire shi in sha tafarnuwa da zuma. Abin da ya amfane ni a lokacin shawarar autata ce. Duk sanda na ji tsallen nan a ƙirji sai in zauna, in ɗora yatsa, agogo ya zana, ita kuma ta adana zanen a waya da ranarsa da lokacinsa. Kafin ranar asibiti muka je shagon kwamfuta aka buga mana su a takarda.

Likitar zuciya mace ce, ba ta wuce sa'ar babbar 'yata ba, kuma tana jin Hausa kaɗan. Ita ta karɓi takardun agogon ta baje su a tebur ta bi su ɗaya bayan ɗaya da biro. Ta ware wasu ta ce waɗannan motsin hannu ne, ba su da amfani. Ta nuna mini wasu ta ce: "Baba, ka ga nan? Bugu ne ya riga lokacinsa, sai hutu ya biyo baya." Sannan ta juya agogon ta nuna mini koren hasken da ke ƙyaftawa a bayansa. Ta ce yawancin yini da wannan haske yake aiki, ba da lantarki ba. Jini yana shanye koren haske, duk bugun da zuciya ta yi jini na ƙaruwa a ƙarƙashin fata, hasken da ke dawowa ya ragu, da haka agogo ke ƙirgawa. Wato isowar jini wuyan hannu yake gani, ba zuciyar kanta ba. Bugun da ya riga lokaci yakan zo da rauni, bai cika isowa hannu da ƙarfi ba, sai agogo ya ga tazara ba daidai ba ya ɗaga murya. Sakin maɗauri, da gumi, da girgizar mota a hanya mai ramuka, duk suna iya rikita shi. Ta ce in ɗauke shi kamar mai gadin da ya ji motsi a bayan katanga cikin dare: ya kyauta da ya tashe ka, amma bai san ko ɓarawo ba ne ko akuyar maƙwabta, sai an fito da fitila.

Na tambaye ta ko ke nan ƙarya yake yi. Ta ce a'a. Kamfanin Apple ya fara sa isiji a agogonsa a 2018, kuma Jami'ar Stanford ta Amurka ta yi babban bincike da aka buga a 2019 a kan mutum sama da 419,000 masu ɗaura agogon. Kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai suka samu gargaɗi, wato ba kowa yake tayar wa hankali ba. A cikin 450 daga masu gargaɗin da aka manna wa na'urar asibiti daga baya, kashi 34 cikin ɗari aka samu da cutar. Sauran ba za a ce duk lafiyarsu ƙalau ba, tunda cutar na ɓuya, amma ba za a ba mutum maganin tsinka jini saboda gargaɗin agogo ba, domin maganin kansa yana iya jawo zubar jini. Ta ƙara da wata magana da ta shafe mu kai tsaye. Ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iska, shi ma da haske yake aiki, kuma baƙar fata tana shan haske. Binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya nuna cewa a cikin marasa lafiyar da abin ya ce iskarsu tana tsakanin 92 da 96, waɗanda gwajin jini ya nuna tasu ta faɗi ƙasa da 88 sun kai kashi 11.7 cikin ɗari a baƙaƙe, 3.6 a farare. Wannan kuwa kayan asibiti ne, ba na Kejetia ba. Ta ce shi ya sa in mutum yana haki, ba ta sallamarsa don lamba ta yi kyau.

Ta rubuta mini abu biyu: Holta ta awa 24, wato ƙaramar na'urar isiji da ake ɗaura wa mutum ya tafi gida da ita, da hoton zuciya da ake kira eko. Holta a wani wurin gwaji mai zaman kansa na same ta, kuma sai da na yi waya aka ba ni rana, saboda na'urorinsu kaɗan ne, sai wani ya dawo da ita ake ɗaura wa wani. Na biya kusan sidi 600, suka ɗauki kwafin Ghana Card ɗina da lambar wani ɗan'uwa. Farashin nan yana tafiya da dala, ku kira ku tambaya kafin ku fita. Ku yi wanka kafin ku je, kada ku shafa mai a ƙirji, ku sa riga mai faɗi, domin daga lokacin da aka ɗaura ba wanka sai an cire. Aka sake aske ni, aka manna wayoyi, aka bi su da filasta, aka rataya mini ɗan akwati da bai kai girman waya ba. Da na yi ƙorafin wayoyin, mai ɗaurawar ya ce ta farko da Norman Holter ya haɗa a Amurka ta kai kilo 38, goya ta ake yi. Ya ba ni takarda ya ce in riƙa rubuta lokaci da abin da nake yi duk sanda na ji wani abu, in kuma danna maɓallin da ke jikin akwatin. Ya ja kunnena cewa kada in koma gida in kwanta kamar mara lafiya. In je kasuwa, in ci gorona, in sha atayata, domin ranar da na saba yi ake so a gani.

Alwala ba ta gagara ba, sai dai a kula da ruwa wajen wanke fuska. A sujada akwatin yana lilo, sai na sa shi a aljihun 'yar ciki. A masallaci wani abokina ya hangi waya ta leƙo ta wuyan riga, ya matsa gefe yana zare ido, sai da na yi masa bayani. Babbar matsala zafin Kumasi ne. Da rana gumi ya ɗaga filasta ɗaya, na mayar na ƙara wata a kai, na rubuta lokacin a takarda kamar yadda aka ce. Da dare wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, fata na ƙaiƙayi, ba damar kwanciya rubda ciki. Bayan shayi na biyu a majalisa tsallen ya zo sosai. Na danna maɓalli, na rubuta lokaci, na kuma ɗora yatsa a agogo, don ina so in ga ko bakinsu zai zo ɗaya.

Eko ba ta da wahala. Ana kwanciya ta gefen hagu, a shafa wani abu mai sanyi da santsi, a riƙa yawo da kan na'ura a ƙirji, irin hoton da ake yi wa masu ciki. Na ga zuciyata a allo tana buɗewa tana rufewa, na ji ƙarar jini na wucewa, jikina ya yi sanyi. Eko tana cikin abubuwan da inshorar NHIS ba ta biya, don haka ku tanadi kuɗinta. Ni na biya kusan sidi 500, na Hambug ne ya turo.

Ranar komawa na tattara komai a leda ɗaya. Likita ta buɗe rahoton Holta, ta ce zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a yini, kuma na'urar ta rubuta kowane ɗaya. Babu AFib ko na minti ɗaya. Akwai bugun da ke riga lokaci, da yawansa daga ɗakunan sama, kuma sun fi taruwa da dare. Ta ɗora takardar da na rubuta kusa da rahoton, lokacin da na danna maɓalli a majalisa ya faɗa daidai kan tarinsu, zanen agogo na wannan minti ma ya nuna su. Wato agogon ya ga abu na gaske, sunan da ya ba shi ne ba daidai ba. Ta ce irin wannan bugu a zuciya mai ƙarfi ba abin tsoro ba ne, amma masu shi da yawa ana sa musu ido, domin wasunsu sukan samu AFib daga baya. Sannan ta jawo sakamakon eko, fuskarta ta canza. Zuciyar tana tura jini yadda ya kamata, amma bangon ɗakin hagu na ƙasa ya yi kauri, alamar ya daɗe yana fama da hawan jini. Ta ce: "Baba, wannan ba na bana ba ne." Shekarun da nake danna agogon Kejetia ina hamdala, jinin yana sama. Sabon agogon ma, duk tsadarsa, bai taɓa ce mini komai a kan wannan ba. Da ta gaya mini cewa ba aikin tiyata ba ne na ji sanyi, domin na riga na fara lissafin hanyar Accra, cibiyar zuciya ta Korle Bu da Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa a 1989. Ta ƙara mini ƙwaya ta biyu, ta ce a rage gishiri da dunƙulen miya. Goro ba ta hana ni ba, ta san ba zan ji ba. Ta ce shi da ataya duk suna da sinadarin da ke zaburar da zuciya, in rage, in kuma daina bayan la'asar.

Abin da ta sa ni saya shi ne na'urar awon jini ta damtse, ba ta wuyan hannu ba, kuma a duba faɗin maɗaurin, domin in ya yi wa damtse kaɗan lambar takan haura gaskiya. Na kai ta asibiti aka gwada ta da tasu. Ana zama minti biyar tukuna, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana, ba goro ko shayi rabin awa kafin awo. A auna sau biyu safe da yamma a rubuta a littafi. A asibiti 140/90 ne iyaka, a gida 135/85. A ganina, in za a aiko wa dattijo kyauta ɗaya daga waje, wannan na'ura ta fi agogo amfani nesa ba kusa ba, ga ta da araha. Ko agogunan Samsung da ke auna jini, sai an daidaita su da ta damtse duk mako huɗu.

Ban cire agogona ba, shi ya tura ni asibiti. Na dai san iyakarsa. Yana da kyau wajen ƙirga bugu idan ana zaune, wanda a babba yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti, da kuma kama abin da ke zuwa tsakar dare lokacin da ba likita kusa. Idan ya yi gargaɗi, ka zauna ka ɗauki zane a take, ka rubuta lokaci, a buga maka a takarda, domin likita zane yake karantawa, "agogona ya ce" ba ta shiga fayil. Abin da ba ya iyawa, kuma masu ƙera shi ma sun faɗa, shi ne gane toshewar jijiyar zuciya. Wanda ya ji ƙirji ya yi masa nauyi kamar an danne, ciwon yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, ko numfashi ya yanke, ko ya suma, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, kada ya tsaya ɗora yatsa a agogo, kada kuma ya nemi takardar turawa. A kira 112 ko a sa shi a mota zuwa sashen gaggawa, ko da agogon yana cewa komai daidai.

Yanzu duk wata uku nake komawa da littafin awona. Likita ta ce idan agogon ya ci gaba da gargaɗi za ta sake ɗaura mini Holta, wannan karon ta awa 48 ko fiye, kuma na fara ware kuɗinta a gefe.